Billen da Basiru Mai Hoto Ya Goge

Duk wanda ya taɓa zama a shagon Basiru mai hoto a Gezawa ya san maganar da aka fi yi a cikinsa bayan sallama. Ba ta wuce, "A ɗan gyara ni." Amarya ta faɗa, ango ya faɗa, mai neman kansila ya faɗa har yana nuna inda za a rage masa tumbi. Akwai wani dattijo dillalin jakuna, wanda fuskarsa ba ta taɓa sanin mai ba, shi ma ya zo ɗaukar fasfo ya ce don Allah a ɗan ƙara masa haske. Basiru ya ƙara masa. Shi dai abin da ya sani ke nan, a ce a ƙara ya ƙara, a ce a rage ya rage.

Ba sha'awa ce ta kai shi sana'ar ba. Mahaifinsu ya rasu ya bar gona ɗaya da 'ya'ya maza reras, a wannan ƙasa tamu kuwa gona manne take da gona, babu dajin da mutum zai je ya sara ya ce nasa ne. Da aka raba gado, abin da ya faɗo wa Basiru, in ya tsaya a wannan iyakar ya yi tari, sai maƙwabcin waccan iyakar ya ce masa sannu. Ya bar wa yayansa yana nomawa, ya ɗauki 'yar jakarsa ya shiga birni. Can ya raɓu da wani mai hoto, zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, ya yi shara, ya yi aike, ya sha faɗa, har hannunsa ya faɗa.

Da ya dawo gida ya kama shago kusa da tasha, ya auri Aina'u, abin ya yi kyau na 'yan shekaru. Ranar salla sai ka ga samari sun yi layi har bakin titi, kowa ya karya hula, ana jiran a shiga gaban labulen nan mai zanen bene da furanni. Sai waya ta zo ta cinye sana'ar da ranta. Yau ko mai tallan gyaɗa yana da abin ɗaukar hoto a aljihu. Abin da ya rage wa Basiru shi ne abin da wayar ƙauye ba ta iya yi da kyau ba, wato gyara da wankewa. Ya sayi tsohuwar kwamfuta da firinta, wani abokinsa ya sa masa manhajar gyaran hoto, ya zauna ya koya da kansa, yana ɓatawa yana sakewa.

Ya iya kuwa. Ƙurji ko tabo, taɓawa ɗaya ya ɓace. Ramammen mutum ya cika masa kumatu, mai faɗin hanci ya tsuke masa, baƙi ya mayar da shi wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa ya mayar da shi fari tas. Saurayin da bai taɓa wuce Wudil ba, Basiru ya tsayar da shi gaban dogayen gine-ginen Dubai, hannu a kan motar da ko a mafarki bai taɓa buɗe ƙofarta ba. An taɓa yin wani biki da gwaggon ango ta riƙe kalandar da aka raba, ta dubi amaryar da ke jiki, ta dubi wadda aka kawo, ta tambaya da iyakar gaskiyarta ko canji aka yi a hanya. Labarin ya zaga gari, maimakon ya kore masa mutane sai ma ya ƙaro su. Mutanenmu ke nan. Kowa ya san ƙarya ce, kowa kuma yana son tasa ta fi ta maƙwabci kyau.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne Basiru ya gaji. Ba irin gajiyar manomi ba, wadda in ka ci tuwo ka kwanta take sakinka. Wannan a wuya take zama, da bayan idanu, da wani wuri a ƙirji da ba shi da suna. Wuni guda yana kallon fuskoki, amma ya daina ganin mutum, sai wurin da za a goge. Yakan haɗu da mace a hanya ta gaishe shi da fara'a ta ce shi ya yi mata hoton biki, ya amsa kawai don kunya, domin wadda ya sani a kwamfuta ba ita ba ce. Wata rana yana cin abinci, Aina'u tana zaune gabansa tana tsince shinkafa, sai ta ga ya ƙura mata ido, yatsansa yana motsi a kan gwiwa kamar mai danna wani abu.

"Malam, lafiya?" in ji ta.

"Wani ɗan ƙurji na gani a goshinki."

"To, sai ka haƙura da shi, ni ba na shiga kwamfuta. Yadda aka kawo maka ni, haka za ka ƙarasa da ni."

Ya yi dariya, amma abin ya tsaya masa a rai. Ya ji haushin hannunsa, ya ji haushin sana'ar, washegari kuma ya tashi ya buɗe shago, don yara ba sa cin haushi.

Ana tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai, wata ranar kasuwa wata mata ta yi sallama a ƙofar shagon. Za ta yi shekara arba'in, hijabinta ya sha wanki har ya koɗe, ƙafafunta duk taɓon hanya. Ta ce sunanta Furera, daga wani ƙauye arewa da gari. Ta daɗe tana kwance ƙullin leda kafin ta fito da katin zaɓe ta ajiye a kan tebur da hannu biyu.

"Na mahaifiyarmu ne. Allah ya yi mata rasuwa kafin faɗuwar ruwa."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

"Amin. Malam, shi kaɗai ne hotonta a duniya. Inna ba ta yarda a ɗauke ta, da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Wannan ma don dole ne."

Basiru ya ɗaga katin. Hoton bai fi farcen babban yatsa ba, katin kuma ya sha ɗauri a bakin zani tare da 'yan canji da makulli, duk ya kakkarce, ga tsagewa ta ratsa shi. A cikin wannan ɓarna akwai wata tsohuwa baƙa, ramammiya, ta ɗaure fuska kamar wadda aka tsayar ana tsaka da aiki.

"Babanmu ne ya aiko ni," Furera ta ci gaba. "Idonsa ke tafiya. Ɗaya ya riga ya tafi. Mun kai shi asibiti a birni, suka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma a kan hanya yake. Shi ne ya ce in kawo a ƙara masa girma, ko ya gan ta sau ɗaya kafin..." Sai ta gyara hijabi.

Ya tambaye ta sunan mamaciyar don ya san da me zai ajiye aikin.

"Indo. Amma a bakin Baba ba za ka taɓa jin sunan nan ba. Auren saurayi da budurwa suka yi, kunyar nan ta mutanen da ba ta sake shi ba har ta mutu. Tun da na yi wayo 'ke' yake ce mata. Ke, kawo ruwa. Ke, zo ki ga hadari. Ita kuma ko tana ina sai ta amsa."

Ta tashi za ta tafi, har ta kai ƙofa ta dawo.

"Don Allah a gyara min ita sosai. Inna ta sha wahala. Tun muna ƙanana take suyar ƙuli-ƙuli, hayaƙi ya cinye ta. Kada a bar ta da wahalar nan har a hoto."

Rabon da Basiru ya yi aiki da zuciya ɗaya har ya manta, amma wannan ya shige shi. Ya ɗauki hoton ya shigar da shi kwamfuta, ya buɗa shi har ya cika allo, ya shiga bin karce-karcen nan ɗaya bayan ɗaya yana gogewa. Wanda ya ratsa goshi ya tafi. Wanda ya raba leɓe ya tafi. A kuncin hagu akwai layuka da suka sauko daga gefen hanci, su ma ya bi su ya share, ko tsayawa bai yi ba. Da ya gama da ɓarnar kati sai ya shiga ta shekaru. Ya cike ramin kumatu, ya miƙar da tamojin goshi, ya ɗaga hasken fatar, ya sake ɗagawa. Ya ciro wani mayafi mai kyau daga hoton wata Hajiya ya yafa mata, ya sa shuɗin sama a bayanta. Da ya jingina ya duba, sai ya ji wani ɗan daɗi da ya daɗe bai ji ba. Ya ce a ransa ko ba komai ya hutar da baiwar Allah nan.

Da Furera ta zo karɓa, hadari ya haɗo, mota tana jiran cika. Ta duba hoton, hawaye ya zubo mata.

"Allah sarki Inna. Da haka duniya ta bar ki."

Ta yi godiya har da durƙusawa, ta naɗe shi a leda ta tura cikin hijabi, ta ruga tasha. Basiru ya ɗauka magana ta ƙare.

Kasuwa ta zagayo. Da hantsi yana fama da hoton wani ɗan takara da ya ce a sa masa murmushi, sai ya ji babur ya tsaya a ƙofa. Aka sauko da wani dogon tsoho a hankali, farar rigarsa ta sha jiki, sanda a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da leda. Furera tana biye da shi, fuskarta ba daɗi. Tsohon ya laluba bakin ƙofa da sanda ya yi sallama.

"Nan ne wajen mai hoton?"

"Nan ne, Baba. Bismillah, ga kujera."

"Sunana Iliyasu. Amana na kawo maka, ɗana." Ya zauna, ya miƙo ledar saitin inda ya ji murya. "Kuskure aka yi. Hoton matar mutane aka ba yarinyar nan. Tun ranar ban bari ya kwana a ɗakina ba, a zaure na sa aka ajiye shi. Ka nemi mijinta ka ba shi abinsa, kada ya zo nema a rasa."

Basiru ya dubi Furera. Ta sunkuyar da kai.

"Baba, na gaya maka Inna ce," ta ce da muryar wadda ta gaji da maimaitawa. "Gyara ta aka yi."

"Me ya lalace a jikinta da za a gyara?"

Fankar kwamfuta kawai ke kuka.

"Idona ya yi rauni, amma bai mutu ba tukuna," Malam Iliyasu ya ce. "Na fita da shi rana, na kai shi har bakin hancina. Wannan yarinya ce fara mai kumatu, Allah ya bar ta da mijinta. Kuma ba ta da bille. Ta gidana kuwa da billenta aka kawo min ita."

Sai a lokacin Basiru ya gane. Bille, tsagar nan guda da wanzami ke yi wa jariri daga gefen hanci ta gangaro kunci. Shi da ya tashi a ƙauye, shi da kakarsa ma tana da shi, ya dubi bille ya ɗauka karcen makulli ne. Kunya ta rufe shi. Furera ta sa hannu ta rufe baki, don ita ma sai yanzu ta gane abin da ya ɓace. Kyan hoton ya ɗauke mata hankali, ta yi ta kuka a kan fuskar da babu alamar uwarta a ciki.

"Baba, laifina ne," in ji Basiru. "Ba a canza ba, ni na goge. Ka ba ni lokaci kaɗan."

Allah ya taimake shi bai taɓa zubar da hoton asali ba. Ya rufe ɗan takara da rabin murmushinsa, ya buɗo na katin yadda ya shigo. Ga kuncin hagu, ga layukan. Sai dai ba ɗaya ba ne. Uku ne suka sauko kusan wuri guda, ɗaya ya miƙe, ɗaya ya karkata, ɗaya ya tsaya a rabi, hoton kuma da aka buɗa shi duk ya dusashe. Ya kira Furera ta duba. Ta nuna wannan, ta ce a'a ko wancan ne, ta rasa. Fuskar da ta gani tun tana goye, yau an ce ta nuna inda layi ya bi ta kasa, sai ta fashe da kuka.

Aka matso da tsohon gaban kwamfuta. Ya kai fuska kusa, ya karkata kai, ya ja baya yana murza ido.

"Haske kawai nake gani, kamar an haska min fitila. Matso nan, ɗana."

Basiru ya durƙusa gabansa. Malam Iliyasu ya jingine sanda, ya laluba ya kama fuskarsa da hannu biyu. Tafin hannun kaushi gare shi kamar bayan itacen ɗorawa. Ya ɗora babban yatsa a gefen hancin Basiru na hagu, ya ja shi a hankali ya gangaro.

"Daga nan ya tashi. Bai miƙe ba, ya ɗan lanƙwasa nan, an ce motsi ta yi a hannun wanzami. Nan ya tsaya, saitin kunne bai kai ba. In ta yi dariya sai ya shige cikin kumatu."

Shekara da shekaru Basiru yana taɓa fuskokin mutane ta bayan gilashi, yau ga wani ya taɓa tasa. Ya koma kujera, yana jin sawun yatsan a kuncinsa, ya dubi allo. Na tsakiya ne, mai karkatar. Ya goge biyun ya bar shi, ya ɗan fito da shi yadda zai ganu. Daga nan ya shiga warware aikinsa da kansa. Ya cire mayafin Hajiya ya mayar mata da ɗankwalinta. Ya sauke hasken. Ya bar ramin kumatu, ya bar tamoji, ya bar ɗaurewar fuskar. Karcen kati kaɗai ya cire. Aikin bai kai rabin na farko wuya ba, amma hannunsa sai ƙoƙarin komawa gyara yake yi, yana janyo shi.

Furera tana tsaye a bayansa tana kallon uwarta tana sake tsufa a gabanta.

"Baba, yanzu fa kamar wadda ba ta taɓa jin daɗi ba," ta ce. "Ko hasken nan a ɗan bar mata."

"Furera, hayaƙin da ya baƙanta ta, da shi aka yi muku sutura, da shi aka kai ki ɗaki. Ni a haka na san ta, a haka kuma nake so in gan ta. Wancan in kina so ki riƙe, ba na hana ki."

Ba ta ce tana so ba, ba ta ce ba ta so ba.

Wuta ta ɗauke tun safe, sai da Basiru ya fita ya ƙara wa janareto mai kafin firinta ta yarda ta yi aiki. Takardar ta fito a hankali. Ya riƙe ta a gefe-gefe, ya kama hannun tsohon ya fito da shi bakin shago inda rana take. Kasuwa tana ta ci, masu babur suna ta ƙara, wani yana jan akuya tana turjewa. Malam Iliyasu ya karɓi hoton, ya kai shi har bakin hanci, ya juya kai gefe, don ta gefen ido kawai haske ke shigar masa yanzu. Ya bi shi daga sama har ƙasa. Ya daɗe. Basiru ya tsaya gefe yana jira kamar yaron da aka tsayar gaban malami.

Can tsohon ya gyaɗa kai.

"Yauwa," ya ce.

Basiru ya shiga ya ɗauko firem mai gilashi, ya ce kyauta ce, bari a sa don kada ya lalace. Tsohon ya taɓa gilashin ya ture shi.

"Kada ka rufe ta. Ba a bango zan rataye ba, a akwatina za ta zauna." Ya shafa takardar da babban yatsa. "Sumul take, ba a jin komai. Ɗana, idon nan ba zai kai kaka ba, ni na san abin da nake ji. In ya tafi, wannan da takardar ƙosai duk ɗaya ne a hannuna. Ka ja min layi a kan billen, yadda yatsa zai same shi."

Basiru ya dubi hoton. Tun da ya fara sana'ar nan karce yake gogewa, ba a taɓa cewa ya yi ba. Ya duba teburinsa, ga reza, ga almakashi, duk za su yaga. Sai ya ga hannu a gabansa. Furera ce, ta zare fil ɗin da ta tsuke wuyan hijabinta da shi, ta miƙo masa.

Ya shimfiɗa hoton a kan benci, ya durƙusa, ya yi bismillah kamar wanzami. Ya ɗora tsinin a gefen hanci ya ja a hankali, ya lanƙwasa inda aka ce ta motsa, ya tsaya kafin saitin kunne. Ya sake bi sau ɗaya don ya zauna, sannan ya sa hoton a hannun mai shi.

Malam Iliyasu ya rufe idanunsa duka biyu, don ya gwada yadda za ta kasance. Babban yatsansa ya yi ta yawo a kan takardar, ya bi goshi, ya sauka gefe, ya rasa, ya dawo. Sai ya tsaya. Ya bi layin ya gangaro har ƙarshensa, ya koma sama ya sake biyowa.

"Ke," ya ce a hankali, da irin muryar da ake kiran wanda yake cikin gida.

Furera ta juya da sauri, kamar za ta ji an amsa daga madafi.